Amritsar: Tafki da Tukunya Sun Girmi Zinariya

Duk mai kallon finafinan Indiya ya taɓa ganin ginin nan ko da bai riƙe sunansa ba: ɗaki mai kubba yana ta ƙyalli a tsakiyar wani makeken tafki, ga doguwar gada ta farin dutse ta miƙe har ƙofarsa, maza da rawuna, mata da mayafai, sun yi cincirindo a kanta. A birnin Amritsar yake, cikin jihar Punjab da ke arewa maso yammacin Indiya, kimanin kilomita 50 daga Lahore ta Pakistan. Fim ɗin Rab Ne Bana Di Jodi na 2008, wanda aka gina labarinsa a birnin, ya ƙara sanar da shi ga waɗanda ba su taɓa taka Indiya ba. Mabiya addinin Sikh suna kiransa Harmandir Sahib ko Darbar Sahib, kuma ba su da wurin da ya kai shi daraja. Masu harkar yawon buɗe ido kuwa zinariyar suke tallatawa, ita ce ke sa baƙo ya zo ya ɗauki hoto ya wuce. Ni a ganina, wanda ya je Amritsar don zinariya ya kama ƙaramin abu ya saki babba, kuma lissafin shekaru kaɗai ya isa shaida. An fara haƙa tafkin a shekarun 1570, an kammala ɗakin aka shigar da littafin addinin cikinsa a 1604, zinariya kuwa sai wajen 1830 ta hau bango. Wurin ya shekara fiye da 200 yana tara jama'a ba tare da ita ba. Abin da ya tara su tun farko shi ne ruwan da kowa ke iya shiga da abincin da kowa ke iya ci, kuma tarihin birnin kusan kacokan faɗa ne a kan ko wannan ƙofa za ta ci gaba da zama a buɗe.

Sai mutum ya san yadda cin abinci yake a Indiyar wancan zamani kafin ya gane nauyin maganar. Al'umma a kashe take aji-aji bisa gidan da aka haifi mutum, kuma a wurin ci da sha ne aka fi tsananta wannan bambanci. Ɗan babban aji ba ya cin girkin ɗan ƙaramin aji, ba ya zama sahu ɗaya da shi, akwai ma dangogin da ake ganin taɓa su ƙazanta ne, ba a barin su su ja ruwa a rijiyar da sauran gari ke sha. A cikin wannan hali ne Guru Nanak, wanda ya assasa addinin Sikh, aka kuma haife shi a 1469, ya kafa zangonsa a Kartarpur a ƙarshen rayuwarsa, inda mabiyansa ke noma tare, su dafa tare, su zauna a ƙasa su ci tare. Wannan girki na kowa da kowa shi ake kira langar. A zamanin magajinsa Guru Angad, matarsa Mata Khivi ce ke riƙe da madafar, har aka ambace ta da sunanta a littafin addinin saboda kyawun hidimarta. Guru na uku, Amar Das, ya mai da abin doka a garin Goindval: duk mai son ganawa da shi sai ya fara zama a sahu ya ci abinci da sauran jama'a. Ya kuma haƙa wata rijiya mai matakala 84 wadda kowa ke sauka ya ɗebi ruwa. Labarin da Sikhawa ke bayarwa ya ce Sarki Akbar na daular Mughal da kansa ya zauna a wannan sahu kafin ya ga Guru. Ko da mai binciken tarihi ya yi taka-tsantsan da labarin, zaɓen sa da al'umma ta yi ta riƙa maimaitawa ya nuna abin da take alfahari da shi, wato sarki ya sauko ƙasa ya ci da talaka.

Daga wannan makaranta Guru Ram Das ya fito, surukin Amar Das kuma Guru na huɗu, wanda ya kafa garin da aka fara kira Ramdaspur, daga baya sunan tafkin ya rinjayi na garin. Bai kafa shi don masu gudun duniya ba. Ya gayyato 'yan kasuwa da masu sana'a su zauna, kuma kasuwar da ake kira Guru Bazaar tana nan tana ci har yau kusa da wurin ibadar. Ɗansa Guru Arjan ne ya ɗaure gefen tafkin da tubali, ya gina ɗakin a tsakiya, kuma tsarin ginin da kansa magana ce. An yi shi a ƙasa da matakin garin, sai mutum ya gangara kafin ya isa, saɓanin yadda aka saba ɗora wuraren bauta a kan tudu. An yi masa ƙofa huɗu, kowace tana fuskantar kusurwa guda, alamar cewa ta ko'ina mutum ya fito, kuma ko daga wane aji, yana da mashiga. Akwai labarin da ya shahara cewa Mian Mir, wani shehin ɗariƙar Ƙadiriyya na Lahore, shi ya aza tubalin farko. Masana da dama na ganin labarin daga baya ya bayyana, kuma bai kamata a jingina hujja a kansa ba. Ba a ma bukatarsa, domin akwai shaidar da ta fi shi ƙarfi, wadda ke rubuce. Littafin da Guru Arjan ya tattara ya ajiye a ɗakin a 1604 yana ɗauke da baitocin Shehu Farid, Musulmi ɗan ɗariƙar Chishti, da na Kabir masaƙi, da na Namdev, da na Ravidas wanda ya fito daga dangin majema, waɗanda ake ƙyamar taɓawa. Har gobe ana rera waɗannan baitoci a cikin ɗakin da aka lulluɓe da zinariya.

Baƙon da ya je yau zai tarar da wannan tsohuwar doka a aikace kafin idonsa ya sauka a kan kubbar. A bakin shiga zai cire takalmansa ya miƙa wa wani ɗan sa-kai, wanda ta yiwu babban ɗan kasuwa ne ko likita, ya karɓa da hannu biyu ya ba shi 'yar lamba. Zai rufe kansa, namiji ne ko mace, ya bar taba da giya a waje, ya taka ta cikin wani ɗan kwararo mai ruwa don wanke ƙafa. A zauren cin abinci, wanda ke ɗauke da sunan Guru Ram Das, ana miƙa masa faranti na ƙarfe da kwano da cokali, ya bi jama'a ya zauna a kan doguwar shimfiɗa a ƙasa. Masu rabo na bin sahu da bokitai, wannan ya zuba miyar ƙananan wake da suke kira dal, wancan ya zuba shinkafa ko kunun shinkafa da madara. In mai gurasa ya iso, sai ka haɗa tafukan hannunka biyu ya sako maka ita a ciki, ba a miƙa hannu ɗaya a fizga. Babu nama a girkin, don kada abincin ya hana wani zama. Cikin 'yan mintoci an gama, an tashi, an goge ƙasa, wani ayarin ya shigo. A waje kuma ƙarar faranta ce ke tashi ba ƙaƙƙautawa, mutane tsaye a bakin dogayen kwamaye suna wankewa, wasu zaune suna ɓare tafarnuwa da yanka albasa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 50,000 zuwa 100,000 ke ci a rana, adadin kan haura haka a ranakun biki, kuma ba a tambayar kowa addininsa ko sunansa.

A nan ne ƙorafi na farko ke shigowa, kuma ƙorafi ne mai ma'ana. Wani zai ce ɗan yawon buɗe ido da ya biya kuɗin jirgi da na otal ba shi da hurumin zama ya ci abincin sadaka, kason mabukaci yake ci, kuma yawan masu kyamara na mai da wurin ibada dandalin kallo. Rabin maganar gaskiya ne. Hukumar wurin ta hana ɗaukar hoto a cikin ɗakin, kuma gyaran da aka yi wa titin da ke kaiwa can a 2016, da aka ƙawata fuskokin shaguna iri ɗaya, ya fi la'akari da idon baƙo fiye da tsohon fasalin unguwar. Amma ɗaya rabin kuskure ne game da manufar langar. Da a ce matalauta kaɗai ke zama a sahun, da ya zama gidan rabon sadaka, wanda zama a cikinsa ke tona asirin mai zama. Dokar Amar Das ta nufi mai hali ne kai tsaye, shi ake so ya sauko. Ranar da masu wadata suka daina zama don kunya ko don tausayi, ranar ce talaka zai fara jin nauyin shiga. Saboda haka baƙon da ya zauna ya ci bai ɓata komai ba, wanda ya tsaya daga nesa yana ɗaukar masu ci hoto shi ne ya saɓa wa manufar. Kuɗin girkin kuwa daga baikon masu ziyara yake fitowa da kuma al'adar dasvandh, wato fitar da ɗaya bisa goma na abin da mutum ya samu, kuma mai jin nauyi yana da damar sa nasa ko ya naɗe hannun riga ya shiga wanke-wanke.

Ƙarni na 18 ne ya gwada ko ginin ne ke riƙe da al'ummar ko al'ummar ce ke riƙe da ginin. Tun a 1606 aka kashe Guru Arjan a Lahore bisa umarnin Sarki Jahangir, abin da ya sa ɗansa Guru Hargobind ya gina Akal Takht daura da ɗakin ibadar a matsayin kujerar yanke hukunci kan al'amuran duniya, ya kuma rataya takubba biyu. Bayan rasuwar Guru Gobind Singh a 1708, gwamnonin Lahore suka sa Sikhawa a gaba. An kashe Bhai Mani Singh, mai kula da wurin, a ƙarshen shekarun 1730 ta hanyar datse shi gaɓa-gaɓa, bayan ya kasa biyan kuɗin da aka yanka masa don izinin taron bikin Diwali. Sojojin Ahmad Shah Durrani na Afganistan sun keta alfarmar wurin a 1757, shekarar da wani jarumin Sikhawa, Baba Deep Singh, ya faɗi yana yaƙin ƙwato shi. A 1762, bayan kisan dubban Sikhawa a rana ɗaya kusa da Malerkotla, Durrani ya sa aka tarwatsa ɗakin da albarushi aka cike tafkin da ɓaraguzai. Cikin 'yan shekaru, a ƙarƙashin jagorancin Jassa Singh Ahluwalia, aka yashe tafkin aka sake tada ginin a kan tsarinsa na dā, da ƙofofinsa huɗu. Mutanen da aka yi wa wannan ta'asa suna da kowane dalili na gina ganuwa mai ƙofa ɗaya, amma ba su yi ba. Ya kamata a faɗa kuma cewa waɗannan yaƙe-yaƙe na mulki da ganima ne fiye da na aƙida, domin da Sikhawa suka kafa tasu daular, Musulmi ne, Fakir Azizuddin, ya riƙe wa Maharaja Ranjit Singh harkokin waje.

Ranjit Singh ɗin nan, wanda ya kama Lahore a 1799 ya kuma haɗa da Amritsar a farkon ƙarni na 19, shi ya kawo zinariyar. An lulluɓe saman ginin da faifan jan ƙarfe masu ruwan zinariya, aka yi wa ƙasansa ado da farin dutse mai zanen furanni. Ba na raina wannan aiki. Sarkin ya yi shi ne da sunan hidima, kuma aikin hannu ne na gwanaye wanda ya cancanci a tsaya a kalla. A zamaninsa birnin ya bunƙasa da cinikin mayafan Kashmir, masaƙa Musulmi da yawa suka zauna a cikinsa. Sai dai dukiya ta zo da nata ciwon, kuma nan ne ƙorafi mafi ƙarfi yake. Mai suka zai ce ƙofa huɗu a bango kawai suke, domin akwai lokacin da masu kula da wurin da kansu suka rufe su. Haka ne kuwa. Bayan Turawan Ingila sun mamaye Punjab a 1849, su ke naɗa shugaban wurin, hidimar ɗakin kuma ta zama gadon wasu gidaje masu cin moriyar baiko da gonaki. Waɗannan masu hidima sun koma ƙin karɓar baikon Sikhawan da suka fito daga ƙananan dangogi, a ɗakin da ake rera baitocin Ravidas. Abin ya kai maƙura a 1919. Ranar 13 ga Afrilu, ranar bikin Baisakhi, Janar Reginald Dyer ya sa sojojinsa suka buɗe wuta kan taron jama'a a filin Jallianwala Bagh, 'yan taku kaɗan daga wurin ibadar. An harba harsashi kusan 1,650 cikin kimanin minti goma. Gwamnati ta ce mutum 379 suka mutu, 'yan Indiya suka ce sun haura 1,000. Bayan haka sai shugaban wurin da Turawa suka naɗa, Arur Singh, ya karrama Dyer da kyautar girmamawa.

Ban ga yadda za a wanke wannan ba, kuma Sikhawa da kansu ba su yi ƙoƙarin wanke shi ba. Abin lura shi ne inda gyara ya fito. A watan Oktoba na 1920 wasu Sikhawa daga dangogin da ake ƙyama, tare da malamai da ɗalibai na Kwalejin Khalsa, suka ɗauki baikon alkaki mai daɗi da ake kira karah prasad suka nufi ɗakin. Masu hidima suka ƙi karɓa. Aka yi ta jayayya har aka amince a buɗe littafin a bi abin da ya fito, kuma baitin da aka karanta ya sa masu hidimar suka sauko suka karɓa. Ba dokar Turawa aka kafa hujja da ita ba, ba kuma wani sabon ra'ayi daga waje ba, asalin koyarwar wurin aka tunatar da masu riƙe da shi. A watan Nuwamba aka kafa kwamitin Shiromani Gurdwara Parbandhak, wanda ke tafiyar da wurin har yau. Da mataimakin kwamishinan Amritsar ya ƙwace makullan taskar wurin a 1921, zanga-zangar lumana ta tilasta wa gwamnati mai da su a farkon 1922, sannan dokar 1925 ta danƙa manyan wuraren ibadar Sikhawa a hannun zaɓaɓɓun wakilai. Al'adar da ke iya kama masu tsaronta da laifi ta kuma yi nasara a kansu, rayayyiya ce.

Akwai asarar da ba a mayar ba, kuma rashin adalci ne a ɓoye ta. Kafin 1947 Musulmi sun kusa rabin mazauna birnin. Da aka raba Indiya da Pakistan, iyaka ta faɗo tsakanin Amritsar da Lahore, aka yi kashe-kashe a ɓangarorin biyu, Musulmin Amritsar suka ƙaura, Sikhawa da Hindu na yammacin Punjab suka kwararo, mahaifar Guru Nanak da Kartarpur suka koma cikin Pakistan. Cikin waɗanda suka tafi har da makaɗan da ake kira rababi, Musulmi masu bin sawun Bhai Mardana abokin tafiyar Guru Nanak, waɗanda suka yi ƙarnoni suna rera baitoci a cikin ɗakin. Yau ba a ba wanda ba Sikh ba wannan aiki a can, mata Sikhawa ma har yanzu suna neman a ba su damar rerawa a cikin ɗakin. Sai kuma watan Yuni na 1984, lokacin da Firaminista Indira Gandhi ta tura soja su fitar da Jarnail Singh Bhindranwale da mayaƙansa da suka yi sansani a harabar. Harin ya zo daidai da kwanakin tunawa da kisan Guru Arjan, wurin cike da masu ziyara. Tankokin yaƙi suka ragargaza Akal Takht, ɗakin karatu mai ɗauke da tsofaffin rubuce-rubucen hannu ya ƙone. Gwamnati ta ce mutum 493 da soja 83 suka mutu, Sikhawa da yawa na cewa adadin ya fi haka nesa. Ranar 31 ga Oktoba dogaran Indira Gandhi biyu Sikhawa suka harbe ta, a kwanakin da suka biyo baya aka kashe Sikhawa kusan 3,000 a Delhi kaɗai. Waɗanda suka shigar da makamai wurin ibada sun yi laifi, wanda ya shigar da tanka a ranar ziyara ma ya yi, kuma talakan da ya zo wanka a tafki shi ya biya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ƙarfafa mini hujjata. Gwamnati ta yi gaggawar gyara Akal Takht da kuɗinta, ginin ya miƙe kamar ba a taɓa shi ba. A 1986 Sikhawa suka rushe shi suka sake ginawa da aikin gayya, wanda suke kira kar seva, saboda ba su yarda da ginin da hannun da ya rusa shi ya tayar ba. Da kyan gani ne abin nema, da ba su taɓa ko tubali ɗaya ba. Haka suka yi a 1923 da 1973 da 2004 wajen yashe tafkin, dubban mutane, attajiri da leburan gona, kowa da kwanon laka a ka. Zinariyar ma da ta dusashe, wata ƙungiyar Sikhawa ta birnin Birmingham na Ingila ce ta jagoranci sabunta ta a shekarun 1990 da gudummawar jama'a, wato ko ita ta bar hannun sarki ta dawo hannun masu gayya.

Saboda haka, mai karatu, in harkar kasuwanci ko karatu ko neman magani ta kai ka Indiya har ka samu sararin leƙa Amritsar, kada ka tsaya a bakin tafki ka ɗauki hoto ka juya. Shiga cikin ɗakin ibadar zaɓinka ne da abin da addininka ya yarje maka, babu mai tilasta maka, zauren cin abinci kuma gininsa daban. Ka duba tsofaffin itatuwan magarya da ke gefen tafkin, akwai wadda ake cewa a gindinta wani dattijon Sikhawa mai suna Baba Buddha ke zama yana lura da masu haƙa. Ka taka zuwa Jallianwala Bagh ka ga ramukan harsashi da aka kewaye da farin fenti a jikin bango, ka shiga gidan tarihin rabuwar ƙasa da aka buɗe a tsohon zauren birni a 2017. Sannan ka rufe kanka, ka zauna a sahu, ka haɗa hannu biyu ka karɓi gurasa. Ba a biyan ko sisi a ƙofa, kuma madafar ba ta rufewa dare da rana.